Murfin Langar Baba Muntaka

Ni ne na sa aka kulle Baba Muntaka, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda ko fuskar mutum ba ya ganewa sai ya ji murya. Ban kai ƙararsa ba, ban ƙulla masa sharri ba. Da rula na yi, irin ta katakon nan da 'yan makaranta ke jan layi da ita. An fi shekara talatin da yin abin, amma har yau in na ga rula a kan tebur sai in kau da kai.

Sunana Khalilu. A lokacin ina sabon malami, an turo ni daga birni zuwa wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a Unguwar Marke, tafiyar awa guda a keke daga Ɗanbatta. Shekarun nan ne da fari ya biyo bayan fari, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, soja na kan mulki, mutane na bin layi a kan sabulu da gishiri. Alli ma uku muke karya shi. Duk wannan bai rage mini hura hanci ko kaɗan ba. Ina da riga fara guda biyu, da jan biro a aljihun gaba, da takardar shaidar koyarwa wadda tawadarta ba ta gama bushewa ba, kuma a ganina duk ƙasar nan daga Watari har Dawakin Tofa babu wanda ya kai ni sanin yadda ake jera magana.

Darasin da na fi ji da shi shi ne nazarin rubutun neman haƙƙi, wato yadda wanda aka danne yake rubutu har ya shawo kan wanda ya fi shi ƙarfi. Tambayoyi uku nake rubuta wa 'yan aji uku a allo, in sa su rera kamar karatu. Wane ne mai maganar, kuma me zai sa a yarda da shi? Ina hujjarsa? Ta ina ya taɓa zuciyar mai karatu? Littafi babu, sai wanda ke kaina. Don haka wata rana na ce duk wanda ke da tsohuwar takardar koke a gidansu ya kawo mu feɗe ta a aji.

Mutum ɗaya ce ta kawo, Barira, wata shiru-shiru da ke zama a layin baya. Takardar ta tsufa har ta yi ruwan ƙasa, an rubuta ta tun zamanin En'e. Koke ne na manoman garin a kan aikin tilas, lokacin da ake kwasar maza a kai su gyaran hanya ana tsakiyar girbi. Layi goma sha biyu ne kacal. Gaisuwa, sannan maganar ta fara kamar ana hira a gindin bishiya: "Mu ba mu ƙi aikin hanya ba, mu ne masu bin ta. Amma geronmu yana ƙasa, gara tana ci. A bar mu mu kai shi rumbu, sannan a kira mu, za mu zo da fartanyunmu." A ƙasa kuma, maimakon a jera sunaye kamar yadda mutanen kirki ke yi, sai aka zana wata da'ira, aka bi gefenta da dangwalen yatsu, kowane suna ya miƙe daga dangwalensa kamar wayoyin ƙafar keke. In kana son karanta sunayen sai ka riƙa juya takardar.

Kai, ranar na sami abin yi. Na ɗaga takardar sama, na tambayi aji ina kalmar zalunci, ina adalci, ina 'yanci. Babu ko ɗaya. Na ce mai wannan rubutu tsoro ne ya cika masa ciki, shi ya sa yake lallashi inda ya kamata ya yi tsawa. Da na zo kan da'irar kuwa, na riƙa juya takardar ina karkata wuya har yara suka yi ta dariya. Sannan na zaro jan birona, a kan takardar mutane, takardar da ta girme ni, na rubuta huɗu bisa goma.

Da aka tashi Barira ta tsaya a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Ta ce kakanta ne ya rubuta, kuma ya ce a mayar masa da abarsa. Ta ƙara da cewa tun daga shekarar da aka kai takardar ba a sake ɗaukar kowa aikin hanya da kaka ba a garin.

Haka na san Baba Muntaka. Da la'asar na bi ta zuwa gidansu, ina tura keke ina shirya yadda zan kare makin da na bayar, don ni a lokacin ban san wata hanyar ba da haƙuri ba sai ƙarin bayani. Na same shi a zaure a kan buzu, dogo, siriri, idanunsa sun yi fari da yana. Barira ta faɗa masa abin da aka ƙara a takardarsa. Ya yi dariya har da tari, ya ce a rayuwarsa ba a taɓa ba shi maki ba, ashe yana da huɗu a ajiye bai sani ba.

Daga ranar na riƙa zuwa, wai don in ƙaru, ko da yake yawanci ni ne mai surutun. A 'yan tsakankanin da nake tsayawa in haɗiyi yawu ne na tsinci labarinsa. Manomi ne ɗan manomi. Ya yi karatun allo, ya iya ajami tun yana saurayi, boko kuma a ajin yaƙi da jahilci ya koye shi yana da 'ya'ya uku. Da mutane suka ga hannunsa na da kyau sai suka fara kawo masa wasiƙa, ta ɗa da ke ci-rani, ta 'yar'uwa da aka kai aure nesa. Daga nan ya sami gindin wata darbejiya a kasuwar Ɗanbatta, duk ranar kasuwa yana can da akwatin kwano, da alƙalami, da ɗan kushin tawada na dangwale. Shekara arba'in yana wannan, damina kuma yana gonarsa kamar kowa.

Yana da tsarinsa. In ka zo da koke sai ya sa ka faɗa sau uku. Na farko ya ce na haushi ne, na biyu na tausayin kai, a na ukun ne mutum ke faɗin abin da ya faru. Sannan ya tambaye ka me kake so a yi, ba abin da kake so a ji ba. Ba ya zagin wanda ake rubuta wa, domin a cewarsa mai kujera in ka tsare shi a lungu ba zai ba ka komai ba, sai ka bar masa inda zai bi ya fita da rawaninsa a kansa. Kowace takarda biyu yake yi, a dangwala a duka, a kai ɗaya ya ajiye ɗaya a akwati. Da'irar kuwa da murfin wata tsohuwar langa ta matarsa, Inna Hure, yake zana ta. Mutanen gari sun ɗauka wani hatimi ne na sa'a, ba wanda ya taɓa tambaya. Abin da yake alfahari da shi guda ɗaya ne, kuma ya faɗa mini ya fi sau goma: a shekara arba'in ɗin nan ba a taɓa kulle mutum ko ɗaya saboda takardar da ya rubuta ba.

Sau ɗaya na tambaye shi dalilin da'irar. Ya buɗe baki zai amsa, sai na riga shi, na ce ai na gane, al'adar mutanen da ce ta ƙawata takarda, kuma na kawo masa misalai. Ya ce to, haka ne, Malam.

A rani na biyu da zuwana aka kafa waya. Wani attajiri daga birni ya zo da takarda wai an ba shi fili zai yi gonar zamani, ya zagaye shi da waya mai ƙaya. Wayar ta datse hanyar da ke gangarawa fadama. A shekarun nan fadamar ce rai. Gida talatin da ɗaya ke da 'yan kuyoyin lambu a can, tumatir da albasa da ɗan alayyafo, da su ake sayen tiyar hatsi bayan rumbuna sun ƙare. Yanzu sai mutum ya yi zagayen awa biyu kafin ya kai ga shukarsa, ya tarar ta kwanta.

Dole a yi koke, Baba Muntaka kuma ido ya tafi. Sai aka zo wurina. Wallahi ranar ko abinci ban nema ba, daɗi ya ishe ni. Kwana uku ina rubutu. Shafi huɗu na cika. Kalmar zalunci ta fito sau bakwai, na ƙirga. Na yi tambayoyin da ba a son amsarsu, na jera jimloli uku-uku masu tashi kamar matakala, na kawo hawayen marayu duk da ban san ko akwai maraya a masu kuyoyin ba. Har aji na kai ta, ban faɗi wanda ya rubuta ba, na ce a yi nazari. Yara ba wawaye ba ne, sun san rubutun hannuna. Suka ba ta goma bisa goma, ni kuma na amince da hukuncinsu ba tare da gardama ba.

Shafi na ƙarshe shi ne abin da na fi ƙawatawa. Na sa rula na ja layuka talatin da ɗaya, tsaf, kowanne da lambarsa, da gurbin suna, da gurbin dangwale. Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar masallaci. Basiru ne ya fara miƙo yatsa. Matashi ne mai zafin kai, kuyoyinsa ne suka fi ƙonewa, matarsa kuma ko arba'in ba ta yi da haihuwar fari ba. Ya danna a lamba ɗaya har tawada ta fantsama. Saura suka bi. Ni ban sa hannu ba. Na yi musu bayani cewa ni ma'aikacin gwamnati ne, doka ba ta ba ni dama ba, suka ce ai gaskiya ne, Malam ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Ana gamawa sai ga Baba Muntaka, Barira na riƙe da sandarsa. Ya ce a karanta masa. Na karanta da murya irin ta rediyo. Ya saurara har na gama. Ya karɓi shafin ƙarshen ya shafa shi da tafin hannu, ya tambaya ina da'irar. Na ce masa, cikin ladabin nan mai ciwo da 'yan boko ke yi wa tsofaffi, ofisoshin yanzu ba sa karɓar irin wannan, tsari ake so. Ya tambayi sunan wa ke sama. Aka ce Basiru. Ya juya fuskarsa wajen da hayaniyar mutane take, kamar mai auna yawansu.

"Malam, akwai ɗan fili a saman lamba ɗaya?"

Na ce akwai, amma na kan takarda ne, ba a rubutu a wurin.

"Sa mini sunana a nan. Ni ne babba a garin nan, ba zan yarda yaro ya hau kaina ba."

Mutane suka yi dariya, Basiru ya ɗan ɓata rai. Ni kuwa a zuciyata na ce oho, ashe tsohon nan ma son girma ne da shi, ga shi ko kuya ɗaya ba shi da ita a fadamar. Na kama babban yatsansa na danna masa a kushin, na ɗora a can sama, na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe don ya ji daɗi. Har na ba wa abokan aikina labarin a ofishin malamai muka yi dariya.

Kwana biyar da kai takardar, ina cikin aji, muka ji ƙarar mota, abin da ba a saba ji ba a garin. Mutum uku ne suka zo. Ba su tambayi wanda ya rubuta ba, ba su nemi mai unguwa ba. Takardata ce a hannun ɗayansu, a buɗe a shafi na ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan sunan da ke sama ya ce wannan suke nema, shugaban masu tunzura jama'a. A gona suka same shi yana zaune yana ɓare gyaɗar iri. An ce bai yi musu ba, ya dai roƙi a bari ya ɗauki butarsa.

Washegari Inna Hure ta zo makaranta. Tsohuwar da ban taɓa ganin ta wuce zaure ba, sai ga ta a ƙofar ajina da mayafi. Ta zaro murfin langa daga ƙarƙashin mayafin ta ajiye a kan teburina, kusa da rular.

"Shekara arba'in yana zana abin nan don kada a san wanda ya fara dangwalawa," in ji ta. "In sun zo, na sama suke ɗauka. Da'ira ba ta da sama."

Na tambaye ta me ya hana shi faɗa ranar Juma'ar. Ta ce in ya faɗa a gaban jama'a, wa zai sake miƙa yatsa? Rabin mutanen za su ce a goge nasu, Basiru kuma ba zai yarda a cire shi ba don kada a ce ya ji tsoro. Shi ya sa bai taɓa gaya wa kowa ba sai ita. Ta ƙara da cewa ya so ya gaya mini sau ɗaya, amma ya ce Malam ya riga ya sani.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma a gaban ɗalibaina. Tambayoyina uku suna nan a allo a bayana. Na koya wa yara su tambayi yadda takarda za ta yi da mai karanta ta, ban taɓa tunanin abin da za ta jawo wa masu sa hannu ba, don ni ban taɓa sa nawa a komai ba.

A ajin muka rubuta takarda ta biyu, ta neman a sake shi. Inna Hure ta zauna a kan benci, na sa ta faɗa sau uku. Na rubuta a allo, na ce duk kalmar da aka san Baba Muntaka ba zai sa ba a tashi a goge. Yaran nan ba su ji tausayina ba. Barira kaɗai ta goge mini layi shida. Abin da ya rage bai kai rabin shafi ba: tsoho ne, ba ya gani, ba shi da shuka a fadamar, ba wanda ya tunzura mu sai ƙishin albasarmu, muna roƙon a dawo mana da shi, a kuma bar mana hanyar da jaki zai iya bi. Na yi kwafi biyu, na kifa murfin langar a kan kowanne na zagaye shi da biro. Da'irar farko ta fito kamar ƙwai, sai da na sake.

Wannan karon kowa ya san ma'anar da'irar, don labari ya zaga gari. Na ɗauka za a gudu. Mutum hamsin da huɗu suka dangwala, har da matan da aka kai wa kushin cikin gida. Ban yi wa kowa bayanin dokar ma'aikata ba. Na jira layi ya zo kaina, na danna nawa a cikinsu, muka zama hamsin da biyar.

Kwanansa goma sha tara a tsare. Ko takardarmu ce ta yi aiki, ko gajiya suka yi da tsohon da sai an kai shi bayan gida an dawo da shi, Allah kaɗai ya sani, ni dai na daina ba wa kaina maki. Bayan wata guda aka ja wayar baya a gefe ɗaya, aka bar 'yar hanya, jaki na wucewa in ba a yi masa lodi da faɗi ba. Albasar shekarar ta riga ta tafi. Shi kuma ya dawo da tarin da bai sake shi ba har damina ta biyu, wadda a cikinta ya rasu.

Ranar da ya dawo ban iya zuwa ba. Sai a kwana na uku na tura keke na tafi, ba tare da na shirya ko jimla ɗaya ba, karo na farko a rayuwata. Yana zaure a kan buzunsa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na ce Baba, na ɓata maka shekara arba'in. Ya ce a'a, lissafinsa na nan daram, ai ba takardarsa ba ce. Ya ce kuma in daina raina shafi huɗuna, don sau uku aka karanta masa su a can, ana tambayarsa inda ya koyi irin wannan Hausa, har wani daga cikinsu ya ce tsohon nan ba ƙaramin shu'umi ba ne. Ya yi dariya, tarin ya taso, muka jira ya lafa.

Sannan ya ce Barira ta gaya masa an ajiye kwafin ta biyun a akwatinsa. Ya sa aka ɗauko. Ya shafa ta a hankali, yatsansa na bin inda tawada ta taurara, har ya zagayo inda ya fara.

"An ce har da kai a ciki. Kama hannuna ka ɗora a kan naka."

Na karɓi takardar. Sunayen kuwa, Barira ce ta rubuta su, ƙanana, sun cushe a junansu, tawadar wani ta hau ta wani. Na juya ta dama, na juya ta hagu, na karkata wuya kamar yadda na yi a aji ranar da yara suka yi dariya. Dangwale hamsin da biyar, duk shuɗi, duk iri ɗaya. Na daɗe ina nema. Na ce masa, Baba, wallahi ban gane nawa ba.

"To," ya ce, ya miƙo hannu in ba shi takardarsa. "Wannan na ba ka biyar."